Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Na rufe rumfar wainar rogo tun rana na tsaka,
na wanke ƙaurin kwakwa daga hannuwana,
na sa takalmin zuwa coci, mai cizon diddige,
don yau Recife za ta ga Jussara a majigi.

Wata uku yarinyar nan tana haddar jawabi a kicin,
tukunyar wake na tafasa, ita ma tana tafasa,
har akun maƙwabcinmu Edimilson ya iya rabinsa.

Fim ne na ban dariya a kan gidan talabijin
inda ake ɗumama labarai kamar miyar jiya,
a ƙara ruwa, a barbaɗa gishiri, a ce sabuwa ce.
Ga manaja da tumbi, gashin kansa na aro,
an ce masa duniya ta canza, sai ya zaro biro
yana ƙirga ma'aikata kamar mai sayen ƙwai:
"Baƙar fata guda, akwai.
Ɗan ƙabilun daji guda, akwai.
Mai keken guragu fa? Ku aro daga ofishin albashi.
Ku jera su a hoto, ku ce su yi murmushi."

Zaure ya kece da dariya. Ni ma na yi,
ba zan ɓoye ba, har da hawaye,
don na san mutumin nan.
Shekara tara ina yi wa matarsa guga,
sunansa ne kawai daban.

Sai ga 'yata.
Riga ruwan ɗorawa, taswira a bayanta,
gashinta a tsaye yadda Allah ya shuka shi.
Na damƙi hannun kujera, leɓena ya fara motsi,
don ni ma na haddace, ni da aku.
Ta ce: "Gobe za a yi ruwa."
Kyamara ta kau da kai, ta koma kan mai tumbi.

Na jira.
Awa ɗaya da minti arba'in takalmi na cizo ina jira.

Da fitilu suka dawo, darakta ya hau dandamali,
Otávio wane ko wane, da mayani a wuya cikin wannan zafi.
Ya ce fim ɗinsa madubi ne
ga masu mayar da mutane kayan ado.
Aka tafa. Taurari huɗu suka rusuna a bayansa,
huɗun da ke jikin fosta, farare kamar ɓararren rogo.
A can gefen fostar, in ka matsa sosai,
akwai wata kafaɗa mai riga ruwan ɗorawa.
Ni na haifi kafaɗar nan.
Kai, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi!

A bas Jussara ta cire 'yan kunne ta dunƙule a hannu.
"Mama, cewa suka yi ya yi tsawo."
Na ce aku bai taɓa cewa ya yi tsawo ba.
Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.

Wata 'yar ƙanƙanuwa, jikar mai yagar tikiti,
ta leƙo ta saman kujera tana kallonta:
"Ke ce ta ruwan sama?"
Ta kai hannu ta shafa nata gashin,
ta ci gaba da shafawa har muka haye gada.
Ban san inda zan ajiye wannan ba.
Daƙiƙa goma sha ɗaya ƙwace ne, na rantse,
amma yarinyar ta tafi da su a kumatu kamar alewa.

Da asuba sama ta ɓalle.
Capibaribe ya cika har wuya, babu mai sayen waina.
Kaf fim ɗin, labarin 'yata kaɗai ne ya tabbata.

Tana barci. Ta bayan katanga
akun Edimilson yana karanta wa ruwa jawabin:
"Hotona ya ishe ku. Ku miƙo makirufo."
Daga nan ya kakare, ya sake daga farko.