Kwalbar Kawu Attahiru

Wad Madani, bayan isha'i, wuta ta dawo.
Na ɗora kwalbar humrar Kawu a shafinsa.
A wayata garai-garai take,
ana hango shuɗin Nilu ta cikinta.

A tsohuwar kwamfutar shago kuwa
toka ce ta kewaye ta,
kamar an manna filasta.
Ya ce, "Wa zai sayi wannan?"

Sai na yi hoto biyu,
na koya wa shafin tambaya tukuna:
mai sabon ido a ba shi shara-shara,
tsoho a ba shi wanda na zana wa kogin
a jiki, dare guda.

Da safe ya gyara tabarau.
"Ka ga, ta warke."
Ban gaya masa
nasa ruwan fenti ne ba.