Fil Talatin da Ɗaya

Bayan dandalin gasa a Cali,
Amparo ta cika baki da fil, tana faɗa ta hanci:
"Yurani, wa ya aike ki yanke gashi?"

Bai kai tsawon yatsa ba.
Ta shafe shi da ruwan sukari,
ta gicciya fil biyu-biyu,
ta ja raga har girata ta ɗaga.
"Girgiza kai." Na girgiza. Shiru.

Kiɗa ya tashi, Wilmer ya wulwula ni sau tara.
Sili ɗaya mai taurin kai
ya sulale bayan kunne yana tasa rawar.
Alƙalai ba su gani ba.
Amparo ta gani.

Da dare na ƙirga fil: talatin.
Ɗayan na can, bai gama salsa ba.