Harafi Ɗaya

Ranar Talata a Gardena,
a ƙaramin asibitinmu da ke maƙwabtaka da shagon taliya,
na ɗaure wa Shigeo Kuramoto roba a damtse.
Hannu kamar karan dawa bayan girbi,
jijiya ta fito ta gaishe ni tun ban neme ta ba.
Shekararsa sittin da takwas.
Kifi yake ci, da 'yar shinkafa cikin tafin hannu,
shayinsa bai san sukari ba,
kullum da asuba sai ya zagaye fili sau goma a ƙafa.
Amma takarda ta ce jininsa ya yi maiƙo,
kolestarol ya tsallake layi, bai ko waiwayo ba.

Ƙanwarsa Harue ta zauna a inda ya tashi.
Kujera ta yi ƙorafi, ita ta yi dariya.
"Sikelinku ba ya ƙaunata," in ji ta,
ta cire takalmi, ta cire agogo, har da 'yan kunne,
wai ko allurar za ta ji tausayi.
Sau uku na lalubi jijiyarta cikin tsoka.
Da sakamako ya fito, jini garau
kamar ruwan da aka tace da sabon ƙyalle.

Uwa ɗaya, uba ɗaya, tukunya ɗaya.

Likita Ogasawara mai bincike
ta juyo mini da fuskar kwamfuta da yamma:
layi bisa layi, haruffa huɗu kacal suna ta maimaita kansu,
littafin da aka rubuta a jikin mutum
tun bai san sunansa ba.
Ta sa bakin biro a wuri guda.
"Nan suka rabu. Harafi ɗaya.
Wataƙila shi ne, wataƙila yana da abokai,
sai mun tara mutum dubu kafin in buɗe baki."
Ta ce kuma cokali yana da nasa laifin,
gado ba ya cin abinci shi kaɗai.

Na wanke hannu, ruwa na zuba,
sai ga Kawu Ɗanjummai a idona,
tela a Funtuwa, siriri kamar allurar kekensa.
Kowa na cewa wannan ai sai tsufa ya gaji da shi.
Ya faɗi a kan yadin wani ango
yana da arba'in da shida,
tef ɗin awo na rataye a wuyansa.
Aka ce iska ce, aka ce baki ne.
Gwaggo Lanti kuwa, da ƙofa ke mata kaɗan,
mai kwarara man shanu a miyar kuka har ya yi tafki,
ta binne likitoci biyu da suka hana ta.
Ajali na Allah ne, ban musa ba.
Amma da an ɗebi jinin Kawu ko da cokali ɗaya fa?

Mu a gida ido ne sikelinmu:
mai teɓa ya ji daɗi, ramamme ya sha wuya,
ko kuma yanzu da aka juya zancen,
ramamme ya tsira, mai teɓa ya shiga uku.
Duk biyun kallon buhu ne,
ba a kwance bakinsa ba.

Shigeo ya karɓi takardar magani, ya rusuna.
Harue ta kama hannunsa a bakin ƙofa,
na ji tana ce masa taliyar yau ita za ta biya,
shi ya sha romo, ita ta ci naman.

Da aka rufe asibiti
na naɗe hannun rigata,
na miƙa wa abokiyar aikina damtse.
Shekara tara ina ɗibar na mutane,
ban taɓa tambayar nawa abin da ya gada ba.