Waƙar da Aka Biya Bashi da Ita

Bayan shagon ɗinkina a Sabon Gari
Iya Rifkatu take tuyar ƙosai.
Kafin mai ya yi zafi sai ta ɗauko wata waƙa,
ƙasa-ƙasa, kamar mai lallaɓa ciwon haƙori.

Na ce, Iya, ta wace ce?
Ta ce, ta Ubangiji.
Na ce, wa ya fara rera ta nake nufi.
Sai da ta juya ƙosai uku ta amsa.

"Babana Markus ɗan reluwe ne,
mai ɗura wa jirgi gawayi.
Wani direba da yake bi sule biyu
ya biya shi da faifan garmaho.
A faifan akwai wani mutum na bayan teku,
jikan bayi, aka ce,
murya kamar ana jan turmi a kan tsakuwa,
tsirkiya na kuka a ƙarƙashinsa,
yana kiran Allah da harshen
da Baba bai tsinci ko kalma ɗaya ba.

Gajiyar kawai ya gane.

Yakan ce wannan ma ba shi ya haife ta ba,
da ji ka san a gona aka raine ta,
tana hawa da sauka kamar fartanya.
Sai ya cire mata rigar Turanci
ya ɗinka mata ta Hausa,
ta ɗan matse ta a hammata.

Faifan ya fashe shekarar da muka gudu
da tabarma da tukunya ɗaya.
Innata ta ƙara baitin kogi.
Ni ban ƙara komai ba.
Na dai rage mata sauri
tun ranar da muka binne Ishaya."

Mai ya tafasa, yara suka miƙo kwano.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.
To, bakin wa za a kai wannan?

Jiya, bayan na idar da la'asar,
ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga,
sai na ji ta tana fita ta hancina,
ƙafata ta ba ta wani kiɗa daban.
Iya ta leƙo ta taga.
"Ɗanladi, ka cika sauri," ta ce.
"Ba a binne maka kowa ba tukuna."