Shago Na Huɗu

Awa goma sha ɗaya na tuƙo daga Hearst,
dazuzzuka na bin gilashina kamar masu bina bashi,
Odile na kwance a kujerar baya cikin bargo biyu,
ba ta ce uffan ba tun da muka wuce Cochrane.

Yanzu tana hawa na tara a wani asibitin Toronto.
Kwana shida cokali bai wuce leɓenta ba.
Likita ta yagi 'yar takarda, ta rubuta lambobi biyu,
ta ce: man wiwi, ɗigo kaɗan, ƙila ya buɗe mata ciki,
amma ka lura da hannun da zai miƙo maka.

Ni da na shekara arba'in ina saran itace,
nakan gane ruɓaɓɓe tun zarto bai taɓa shi ba,
sai dai baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.
Na tsaya a titin Spadina, ƙanƙara na narkewa a takalmina,
koren ganye na walƙiya a kowace kusurwa.

Shagon farko, kiɗa ne ya tare ni a ƙofa.
Yaron ya ce, tsoho, sayi ɗaya ka ɗauki biyu.
Araha ba ta ado.
Na juya.

Na biyu a ƙarƙashin ƙasa yake, matakala goma sha uku,
kwalabe ba suna, ba kwanan wata, ba hatimi.
Kuɗi hannu, in ji shi, ba ma ba da rasit.
Na tambayi inda aka noma,
ya dubi silin ya ce, wani wuri mai kyau.

Na uku ya fi ba ni tsoro, don ya fi su tsabta.
Wani mai farar riga kamar ta asibiti
ya dafa kafaɗata, ya sassauta murya,
wai wannan kwalba tana cinye ciwon daji ƙurmus.
Zuciyata ta riga hannuna miƙewa.
Saura ƙiris, ba zan ɓoye ba.
Sai na tuna iccen da ya mutu ta ciki
shi ya fi kowanne kyan ɓawo.

Na huɗu ɗan tsukuku ne tsakanin mai wanki da mai burodi,
takardar lasisi manne a gilashi, gefenta ya soma naɗewa.
Perpetua, haka aka rubuta a ƙirjin matar.
Ta ce in nuna katin shaida.
Na cire hula, na nuna mata furfura.
Ta yi dariya, amma hannunta bai sauka ba
sai da na laluba aljihu.

Ta karanta takardar likita har sau biyu.
Ta juyo bayan kwalba, ta bi da farce:
ga hatimin gwamnati, ga ƙarfinsa, ga ranar da aka rufe.
Na ce, zai warkar da ita?
Ta ajiye kwalbar a hankali.
Ta ce, ni ba likita ba ce, kuma ba na sayar da wannan amsar.
Ta mayar da babbar da na nuna, ta ɗauko ƙarama,
ta ce, fara da wannan, sannu ba ta hana zuwa,
kuma masu jinya su gani kafin ya taɓa harshenta.

Wanda ya rage wa kansa ciniki don kada ka yi asara,
a nan ake sauke kaya.

Murfin kwalbar, an yi shi don yara kada su buɗe.
Ni da na kayar da itatuwan da suka girmi kakana
na yi ta fama da shi a bakin gado
har Odile ta buɗe ido ta ce, Gaétan, danna tukuna, sannan ka murɗa.

Rana ta uku ta nemi gasasshen burodi.
Ta ci kusurwa ɗaya, ta ture sauran.
Ko man ne, ko taurin kanta ne, ban sani ba.
Rasit ɗin dai yana nan a aljihun rigata,
ya yi laushi saboda yawan taɓawa.