Saƙar Cikin Waya

Kayan sautin Baba na nan a falo, a Kakuri,
sifikoki biyu tsaye kamar masu gadi.
Da albashin masaƙa ya saye su,
zamanin da jiniyar kamfani
ke riga zakara tada unguwa.

Da ya rasu na gaji kaset talatin da ɗaya
da wani ƙugi.
Zuuu, ƙarƙashin kowane kiɗa,
kamar sauro ya kama haya a kunnena.
Kalangu ya rasa harshe,
goge ya zama tsoho mai mura.
Na ce injin ne ya gaji, zai bi mai shi.

Na rungume shi a zani har Panteka.
Malam Barau bai ko kalli sukudireba ba.
Ya ce, ina wayar?
Na miƙa da alfahari:
sabuwa dal, ta Kasuwar Barci,
kanta ruwan zinariya, kaurinta igiyar guga.

Reza ɗaya, ya fere ta kamar rake.
Ashe ƙibar duk roba ce.
A ciki silli bakwai, gashin jariri ya fi su auki.
Ya kankare da bakin wuƙa,
ja ya gudu, fari ya leƙo.
Sanholo ne, in ji shi, aka ƙunsa wa lalle.

Ya zura hannu cikin tsohon duro,
ya zaro wata mai launin toka, mummuna,
wadda ko almakashi ba zai yi sha'awa ba.
Ya tsaga. Tagulla a tsakiya, jawur,
farar riga a kanta,
sannan saƙa,
zaren ƙarfe bisa zaren ƙarfe, ba ƙofa ko ta allura.

Wannan ita ce katangar gida, Asabe.
Janareton maƙwabci, firji, fanka,
taransifomar bakin layi,
duk surutu suke yi dare da rana,
waya kuwa kunne gare ta.
In ba saƙa, sai ta kwaso gulmar kowa
ta kai wa sifika.
Ta sifika kuma, ba ta kauri, rage mata tafiya,
ruwa ba ya son dogon tiyo siriri.
Kada tsada ta ruɗe ki,
tagulla ba ta san farashinta ba.

Ya goge koren tsatsa a bakin soket,
ya ɗiga darma, hayaƙi ya tashi siriri.
Ni dai saƙar nake kallo.
Ɗaya sama, ɗaya ƙasa, ɗaya sama.
Shekara ashirin da biyu
abin da yatsun Baba suka yi ke nan
har aka garƙame ƙofar kamfani,
ciyawa ta karɓi aiki.

Sai bayan isha aka kawo wuta.
Na danna.
Abin da na fara ji, shiru.
Shiru mai tsabta, kamar tsakar gida bayan shara.
Sai izgar goge ta hau tsirkiya,
har ƙaiƙayin ƙaro ina ji,
har jan numfashin mai kiɗa
kafin ya saki muryarsa.

Can baya, daga hagu,
inda ƙugi ya zauna shekara da shekaru,
tari biyu, busassu,
tarin mai ƙurar auduga a ƙirji.
Sai murya ƙasa-ƙasa:
Asabe, kashe fankar nan, ana ɗauka.

Na miƙe kafin in sani.
Na kashe.

Zafi ya cika ɗaki, ban damu ba.
Na mai da kaset baya da biro
don kada injin ya wahala,
na sake dannawa.
Wayar toka na kwance bayan kabad,
ba mai ganinta,
tana riƙe da bakinta
don wani ya yi magana.