Gadin Gidan da Ba Shi da Katanga

Ƙarfe biyu da kwata, Apapa ba ta runtsa ba.
Tireloli sun yi layi har Ijora,
janareta na tari a bayan ofis,
ni kuwa ina gaban allo uku,
shayina ya huce tun ɗazu.

Babana Tanimu, shekara ashirin da bakwai
yana gadi a Surulere.
Tocila, usur, da gora mai kan ƙarfe
wadda bai taɓa dukan kowa da ita ba.
Yakan ce, “Tasi'u, gadi kunne ne,
sanda rakiya ta yi.”
Da yamma sai ya zauna teburin mai shayi
ya ji wace mota ta zaga layin sau uku,
wane baƙo ya tambayi lokacin fitar maigida,
katangar wa aka yi wa zanen alli.
Kafin lisha masu gadi bakwai sun ji.
Ɓarawo ya zo, ya tarar da layi a farke,
ya wuce kamar mai neman adireshi.

Gidan da nake gadi ba shi da katanga.
Kamfanin fiton kaya ne, ma'aikata sittin,
kowa da wayarsa, kowace waya taga ce.
Ɓarayina ba sa haura komai.
Sallama suke yi da sunan wanda ka sani,
har da gaisuwar iyali.

Ni ma ina da teburin shayi,
sai dai ban san fuskar rabin mazauna ba.
Nkemdilim tana gadin wani kamfani a Ikeja,
Folarin yana Yaba, wani yana can Lekki,
duk wanda ya ga sawu sai ya zana mana.

Ga saƙon Nkemdilim ya faɗo:
“Jiya sun taɓa mu.
Takardar biyan kuɗi ce, hatimi daidai, sa hannu daidai,
harafi ɗaya kawai suka sauya a adireshin,
ƙarami kamar tsakuwa a shinkafa.
Masu fito suke bi. Ku ne a gaba.”

Gemun maƙwabci ya kama wuta.
Na jawo ruwa.
Na toshe adireshin da 'yan'uwansa goma sha ɗaya,
na bi sawu a rumbun saƙonninmu
na tarar tun Litinin suna leƙe:
wani magatakarda ya danna abin da bai kamata ba,
bango ya tsage, ƙadangare ya sa kai.
Na liƙe tsagar. Na sauya makullai.
Na rubuta wa Madam Adebimpe, akanta,
layi biyu, ba ado:
“Duk wanda ya ce asusu ya sauya,
kira shi a tsohuwar lamba, ki ji muryarsa.”

Asuba ta yi. Na yi salla a kan kwali
tsakanin firinta da firij.

Tara da minti shida saƙon ya iso
ta wata kafar da ban toshe ba,
da sunan manaja, da gaggawar manaja:
miliyan arba'in da biyu, kafin azahar.
Madam ta cire tabarau, ta ɗauki waya.
Manaja na cikin cunkoso a kan gada,
ya ce, “Wane kuɗi?”

Shi ke nan.
Ba ihu, ba ɗan sanda, ba labari a jarida.
Albashin direbobi zai fita ran Juma'a,
ba wanda zai san ya kusa bin ruwa.

Na tura wa teburin shayi sabuwar kafar,
Folarin ya amsa da babban yatsa.

A danfo zuwa Agege barci na fizgata,
kwandasta na rigima kan canji.
Na laluba aljihu neman ɗari biyu,
hannuna ya taɓa usur ɗin Baba.
Ya yi tsatsa, ba ya kuka.
Gobe za su dawo da wani harafin.